Sau Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare kare ya cije ni a ƙauri, na kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Dalilina na yarinta ne: a bakin kogi abin ya faru, can ƙasan unguwarmu ta Rafin Guza, inda Baba ya rantse duk ranar da ya ji na taka sai jikina ya gaya mini. Karen ramamme ne, bai ko yi haushi ba, ya cafke ni ya wuce yana tangaɗi.

A raina kuwa na riga na yi maganin abin. A Islamiyya an koya mana cewa idan kare ya sa baki a abu, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Na shiga banɗaki da buta, na wanke ciwon sau shida, na bakwai na damƙi ƙasa na cusa a ciki ina cije leɓe. Na ɗaure da tsumma, na saki zane har idon sawu.

Iya, mahaifiyar Baba, Bakatsiniya ce, kuma a gidanmu take zaune. Da damina, ana sallame magariba sai ta jawo kurfotinta bakin ƙofar ɗaki ta jera masara a kan garwashi, mu kewaye ta ni da ƙannena. Tatsuniyarta ba kyauta ba ce, sai kana yi mata fifita. Ni takan kira ni "uwar boko", saboda wani littafin kimiyya na Turanci da Baba ya sayo mini a gefen titi kan hanyarsa ta dawowa daga ofis a Doka. Tsohon hannu ne, bangonsa ya fita, amma ko'ina da shi nake yawo. Iya ba ta karatu, sai dai tana son in nuna mata hotunan ciki, ta yi ta musu da su.

A dare na biyu da cizon na zauna nesa da wutar, na miƙe ƙafar da ke zogi. Iya ta dube ni sau ɗaya, ta juya masara. Ba ta buɗe da kalmomin da ake buɗe tatsuniya da su ba, mu ma ba mu amsa ba. Kawai sai ta ce, "An yi wani yaro, Ɗanlami, mai kiwon tumaki."

Ɗanlami ya bi wata hanya da aka hana shi bi, kare ya yage shi a hannu. Yayarsa kaɗai ya nuna wa, ya roƙe ta kada ta faɗa, ita kuma ta rufa masa asiri. Ciwo ya warke sarai, har suka manta. Bayan wata guda ya fara zazzaɓi. Aka kawo masa ruwa a ƙoƙo, yana gani ya ƙanƙame jiki, maƙogwaronsa ya shaƙe, ya ture ƙoƙon yana kuka da wata murya da ba tasa ba. Ƙishi na cinsa, ruwa na gabansa, ya kasa sha. Mutanen gari suka ce iska ce, suka yi ta turare.

"Kwana huɗu ya yi yana kallon randa," in ji Iya. "Ran na biyar aka fitar da shi."

Ƙannena suna ta jiran Gizo ya bayyana ya gyara lamarin. Gizo bai zo ba. Iya ba ta rufe labarin yadda ake rufe tatsuniya ba, ta ci gaba da fifita wuta da kanta.

Ni kam na san wannan ciwon, yana cikin littafina, a babin cututtukan da dabbobi ke sa wa mutum, har da hoton kare mai dalalar da miyau. Tun ranar da aka cije ni nake tsallake shafin.

Iya ta kamfato ruwa a moɗa ta miƙo mini. "Uwar boko, sha, masarar nan da shaƙewa."

Na kai bakina, wallahi ruwan ya ƙi wucewa. Maƙogwarona ya ƙulle, haƙorana suna bugun moɗar. Na ce shi ke nan, ya kama ni, ni ma randa zan kalla har in mutu. Na fashe da kuka, na yaye zanen.

Ta kwance tsumman a hasken garwashi, ta ga ƙasa ta dame da mugunya. "Mi kika sa ma wannan?"

"Na wanke sau bakwai, Iya, ɗaya da ƙasa."

"Ke ƙwarya ce? Ƙwarya aka ce a wanke, ɗiyar nan, ba mutum ba." Sai ta ƙara da cewa, "Ɗauko littafin naki. Mi ya ce a yi?"

Matar da kullum take ƙaryata littafin, ita ce ta riƙe mini tocilan ina karantawa ina fassarawa cikin shessheƙa: a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, a je asibiti nan take a fara allurai, kada a jira alama, domin idan alama ta fito an makara.

Ta ƙwala wa Baba kira. Da ya ga ƙafar ya buɗe baki zai fara faɗa, ta ce, "Ka aje faɗan, yana nan yana jiranka. Tada mashin." Ko isha ba a kira ba muka kai asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta wanke ƙasar ta ce tsoro ne ya hana ni haɗiya, ciwon bai isa nunawa ba tukuna. Na yi ta zaryar allura har aka gama. Karen kuwa, cikin satin samari suka kashe shi bayan ya afka wa awakin maƙwabta.

Yanzu ni ke koyar da kimiyya a aji irin wanda nake ciki lokacin. Na lura yara sun iya haddace shafin nan tsaf su ci jarrabawa, amma ranar da abin ya same su tsoron duka ya fi musu shafin ƙarfi, kamar yadda ya fi mini. Shi ya sa kafin mu buɗe babin nakan ba su labarin Ɗanlami, in ce duk wanda kare ya taɓa ya zo ya faɗa mini, ni zan tare masa faɗan gida.

Sai bayan rasuwar Iya, muna zaman makoki, na ba Baba labarin ina cewa ban taɓa jin tatsuniya mara Gizo mai ban tsoro irinta ba. Ya ce Iya ƙane ɗaya gare ta a duniya, sunansa Ɗanlami, kuma ita ce yayar da ta rufa masa asiri.