Babur a Ɗakin Acca

A shekarar da aka ƙara wa ma'aikata albashi, baban yara ya sayi babur. Yana koyarwa ne a wata firamare a hanyar Fadan Kagoma, mu kuwa muna zaune a bakin garin Kafanchan, inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Shekara tara ya yi yana taka keke zuwa makarantar nan, damina da rani, har gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo. Don haka ranar da ya shigo da jan babur ɗinsa ban ga laifinsa ba. Fasto ya zo ya ɗora hannu a kan tankin ya yi addu'a, muka ce amin, na dafa shinkafa.

Watannin farko a gindin mangwaron tsakar gida yake kwana, an rufa masa tsohon bargo kamar mai zazzaɓi. Gidanmu ba katanga, shingen zana ne kawai. Sai wata safiya aka wayi gari babu babur ɗin maƙwabcinmu, malamin asibiti. Ya kulle wuyan, ya kuma ɗaure shi da sarƙa a ginshiƙin katakon barandarsa. Ɓarayi suka yanke ginshiƙin suka tafi da babur da sarƙa duka. Baban yara ya je ya yi masa jaje, ya dawo bai ko kalli abinci ba, sai zagaya gida yake yana auna ƙofofi da igiya.

Falonmu yana da matakala uku, ƙofarsa kuma matsattsiya. Ɗaki ɗaya ne a gidan mai faɗin ƙofa, ba matakala, da ƙyauren katako mai kauri da wurin sa kwaɗo. Ɗakin ajiyata ne. Da cittar damina uku na gina shi, ni na ce wa magini ya buɗe ƙofar don a riƙa shiga da buhu a ka. A lokacin akwai acca surfaffiya buhu uku a ciki, da busasshiyar citta, da garin dawa, da daddawa, da irin acca a wata tukunya da na liƙe bakinta da laka. Albashin baban yara yana da nasa hanyoyi, ƙannensa biyu suna kwaleji. Cikinmu kuwa, mu da yara huɗu, daga ɗakin nan yake ci har sabuwar acca ta nuna.

Ya ce na ɗan lokaci ne, kafin ya ga yadda za a yi. Na matsar da buhuna gefe ɗaya. Akwai 'yar taga a sama wadda iska ke shiga, ya hau kujera ya toshe ta da bulo, wai kada wani ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Kullum da yamma sai ya tura babur ciki da zafinsa, ya ja ƙyaure, ya danna kwaɗo, ya jijjiga shi sau biyu.

Ba a yi sati ba na ga wani baƙin tabo a daɓe, daidai ƙarƙashin injin. Mai ne yake ɗiga kaɗan-kaɗan. Na gaya masa sau ɗaya, yana ɗaure takalmi, na ce ɗakin ya fara warin fetur. Ya ce kada in damu, fetur ba ya zama wuri ɗaya, tashi yake yi ya bi iska. Na so in tambaye shi ta ina zai bi iskar tunda an toshe taga, amma ni ajin yaƙi da jahilci na yi a majami'a, shi kuwa malami ne mai takarda. 

Garin dawa ne ya fara ɗauka. Bayansa daddawa, sannan acca. Ba a ji sosai a hanci sai an dafa, a kai loma baki, a haɗiye, can daga baya sai abin ya taso a maƙogwaro.

A nan ne na yi abin da har yau nake juyawa a raina. A gidan da na tashi, kwanon maigida daban yake. Shi ake fara zuba wa, mai kyau ake zaɓa masa, yana ci shi kaɗai. Haka na ga uwata tana yi, ban taɓa tambayar dalili ba. Ina da rabin buhun acca da ta aiko mini daga ƙauye, yana ƙarƙashin gadonmu, bai taɓa shiga ɗakin ajiya ba. Sai na fara ɗora tukunya biyu. Ƙarama ta baban yara, daga accar ƙarƙashin gado. Babba tamu ni da yara, daga wadda ke kwana da babur. Nakan ƙara barkono da yakuwa a tamu don su danne warin. A ganina kyautatawa nake yi. Mutum ya sha hanya ya dawo a gajiye, ina dalilin ba shi abin da zai ɓata masa rai?

Yara ba su kai ƙara ba, don sun san ba a yi wa uba maganar abinci. Babbar 'yata ce kawai takan yi gyatsa ta ce, “Mama, in kika taka mini ƙafa yanzu tashi zan yi kamar babur sai Kagoro.” Mu yi dariya. Amma autar, mai shekara uku, ta fara tura kwano gefe. Na lura jigidarta tana saukowa ƙasa da inda take zama.

Bayan Kirsimeti na ɗauki citta buhu guda na kai kasuwa wurin wani tsohon Alhaji da yake saye a hannuna tun ina amarya. Ya ɗauko ɗaya ya karya, ya kai hanci, ya sake ɗauko wata daga tsakiyar buhu.

Ya ce, “Matar Malam, wannan citta taki ta fara koyon tuƙi ne?”

Na ce ƙamshinta ne ya yi ƙarfi bana.

“Ni da hancin nan nake ciyar da iyalina. Mayar da ita gida ki shanya a rana. In ta saki, ki dawo. In ba ta saki ba, kada ki kai wa kowa, sunanki zai ɓaci.”

Yana taya ni ɗora buhun a ka ya tambaya ko Malam ya sani. Na ce Malam ayyuka sun yi masa yawa. Ya ce to ai baki ba ya buƙatar hutu kafin ya ji ɗanɗano, sai dai in ba a ba shi ba.

Na kamo hanyar gida maganar nan tana bina. Sai a ranar na gane cewa baban yara bai ƙi jin maganata ba, ni ce ban bar masa hanyar da zai ji ba. Hannunsa da rigarsa kullum warin mai suke, hancinsa ya saba. Bakinsa ne kaɗai zai gaya masa gaskiya, ni kuwa na tsare bakin.

Da yamma tukunya ɗaya na ɗora. Na yi faten acca ban cika barkono ba, na zuba masa nasa a kwanonsa na kullum, na kai falo na durƙusa na ajiye. Maimakon in fita kamar yadda na saba, sai na zauna a bakin ƙofa. 

Ya yi addu'a, ya kai cokali ɗaya, ya kai na biyu. A na uku ya tsaya.

“Maman yara, wani abu ya zube a tukunyar nan?”

“Ba abin da ya zube, Malam. Accar ɗaki ce.”

“Tun yaushe take haka?”

“Tun kafin godiyar kaka a majami'a.”

“Amma jiya na ci, lafiya lau.”

“Naka daban nake dafawa.”

Ya ajiye cokali. Sannan ya tambaya ko wannan yara suke ci duk watannin nan, na ce shi ne. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya tashi ya buɗe kwaɗo, ya shiga ɗakin ajiya ya ja ƙyauren ya rufe kansa a ciki. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ban sani ba ko mai ne ko wani abu. Ya dawo ya zauna ya cinye faten nan tas, yara suna kallonsa.

A ranar ya ciro katakon ƙofar falo, ya shimfiɗa faifan katako a kan matakala, muka tura babur ciki ni da shi. Kujeru suka koma baranda. Baƙo in ya zo sai ya gaida babur kafin ya gaida mu.

Ranar Asabar aka fara buga bulo. Malamin asibiti ne ya zama mai ba da shawara, tunda shi ya ɗanɗana. Ya ce kada a dogara da katako ko kaɗan. Aka gina wa babur ɗan ɗaki yana kallon tagar ɗakin kwananmu, maƙeri ya lanƙwasa wani tsohon ƙarfen mota aka binne shi cikin siminti don ɗaure sarƙa, aka sa maƙalan ƙyauren ta ciki yadda ba za a kwance su daga waje ba. Da aka zo wajen rufi na yi magana, wannan karon ban jira yana ɗaure takalmi ba. Na ce a bar ramuka a sama don iska, ƙanana yadda hannu ba zai shiga ba. Baban yara ya ce wa magini ya yi yadda na faɗa.

Cittar ta yi sati uku a rana kafin ta saki, Alhaji ya shinshina ya karɓa. Accar ba ta saki ba. Na wanke, na shanya, na sake wankewa, a ƙarshe aladun maƙwabta suka cinye buhu biyu da rabi. Garin da daddawar na zubar. Accar ƙarƙashin gado muka ware wa autar, har jikinta ya dawo. Sauranmu rogo da gwaza muka ci har tsakiyar damina, tukunya ɗaya, shi ma a ciki, bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ɗakin ajiya na kankare daɓensa na sake sabo, na cire bulon tagar da hannuna, na bar ƙofa a buɗe har ruwa ya sauka. Da lokacin shuka ya yi na fasa lakar bakin tukunyar iri ina tsoron abin da zan ji. Na sa fuskata ciki na ja numfashi. Warin ƙasa ne kawai da toka. Washegari kafin ya tafi makaranta ya ɗaure tukunyar a bayan babur, na hau na riƙe ta, ya sauke ni a gona.