Bokitin Inabin Hajiya

Ƙarfe huɗu da minti goma na yammacin wata Asabar aka ɗaga murfin bokitin, ya yi wani huci kamar an buɗe lemon kwalba. Na san lokacin daidai domin ni mai rubuta lokaci ce, ko ba a sa ni ba. Shekaru sun shuɗe, amma wannan hucin da abin da ya biyo bayansa ba za su taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta kimiyyar abinci, ina zaune wurin Antina a unguwar Glenwood, a Amurka. Binciken kammala karatuna a kan maskadin ne, wato inabin wannan yanki, mai kaurin fata, wanda sai ka tsotse ka tofar da ɓawon. Duk Asabar nakan je wata gona yamma da gari in auna sukarinsa. Mai gonar dattijo ne. Kakansa taba ya noma a filin, shi kuma ya mai da shi na inabi, kamar maƙwabtansa da yawa. Ni lemo nake nazari, amma rabin amfanin gonar masu yin giya ke saye, kuma allunansu sun cika bakin hanya.

Wannan ne ya kai kunnen wata Hajiya da ke Irving Park, matar likita, wadda ita ce bakin matan ƙungiyarmu ta 'yan ƙasarmu mazauna garin. Ta ce ashe digiri a kan burkutu na zo yi. Cikin mako guda aka daina amsa gaisuwata da kyau. Anti ta ce, "Ki tambayi Malam. In ya ce a'a, kin bar gonar nan ke nan, ko da za ki maimaita shekara." Sau uku ina tambayar limaminmu, kaina a ƙasa, sau uku yana cewa, "Bari in duba." Na daɗe ban gane ba cewa abin da yake dubawa shi ne sabon kafet ɗin masallaci, wanda Hajiya ta shimfiɗa.

Ranar Asabar ɗin walimar dawowarta daga Umara ake yi. Daga gona na wuce can kai tsaye, da jakar kayan aikina, na raɓe kusa da kicin. Sai ga bokitai uku an shigo da su daga gareji.

"Wannan da hannuna na yi," in ji Hajiya, tana kallona ta gefen ido. "Inabi na halak, oganik, babu kemikal. Ba sai mutum ya je gonar mashaya ba."

Ta yi bayani dalla-dalla, don mata su koya. Ta sayi inabin kwando huɗu, ta murje shi da ɓawonsa, ba ta dafa ba don kada amfaninsa ya gudu. Da yake ita mai shiri da wuri ce, kwana tara ke nan da haɗawa. Firij ya cika da nama, sai ta ajiye a gareji, cikin zafin Satumba. "Abu ɗaya ne kawai," ta ce, "na zuba sukari leda biyu ya ƙi zaƙi. Sukarin Amurka ba shi da ƙarfi."

Nan take na gane. Wannan farar ƙurar da ke jikin ɓawon inabi ita ce ke cinye sukari ta mai da shi abin da ake zargina da shi. Masu yin giya sai sun kashe kuɗi kan tankuna. Hajiya ta yi nata da bokitin zoɓo.

Kofuna suka fara zagayawa. Wata ta ce yana da ɗan yaji-yaji mai daɗi. Wata ta ce ciwon kan da ta taso da shi ya tafi. Na raɗa wa Anti, ta mintsine ni ta ce, "Ki rufa mana asiri." Minti shida ina duba agogo. Sai na ga an jera ƙananan kofuna za a kai wa yara.

"Hajiya, kada a ba su," na ce. Muryata ta fito kamar ta sauro, amma falon ya yi tsit. "Giya ce."

"Ke, ni kike cewa na yi giya? A gidana?"

Ban iya gardama ba, awo na iya. Na fito da ma'aunina, wani siririn gilashi da ke tasowa a ruwa mai sukari, ya nutse idan sukarin ya ƙare. Na jefa shi a lemon kwali, ya taso. Na jefa shi a na Hajiya, ya yi ƙasa ya zauna. Mijinta likita ya zo ya sunsuna kofi, ya ajiye a hankali, ya fita ba tare da ya kalli kowa ba. Wadda ciwon kanta ya tafi ta fara istigfari da ƙarfi, da alama ya dawo.

Aka kwashi bokitan zuwa bayan gida. Ko a nan ma Hajiya na biye da su tana cewa kada a zuba mata a kan furanni. Ba ta gode mini ba, har yau. Abin da ta faɗa wa mutane daga baya shi ne, ai dama sai mai abu ke gane abinsa.

A bakin ƙofa na tarar da Malam tsaye, ya kurkure baki har gaban rigarsa ya jiƙe. Kofi ɗaya da rabi ya sha, na ƙirga. Ya miƙa wa matarsa makullin mota, sannan ya juyo.

"Malama, kina da tambaya a wurina ko?"

"Eh, Malam. Ka ce za ka duba."

"Na duba," ya ce. "Ki koma gonarki, ki yi lemonki, kada ki taɓa tankunan masu giya. Mu da muka ƙi sanin yadda ake yin abin, mu muka yi shi, muka sha da bisimilla. Ki gama karatun nan, don Allah, kafin Hajiya ta sake zuwa Umara."