Ranar da Aka Aike Ni Leƙen 'Yan Jami'a

Wasu shekaru can baya, lokacin ina tuƙa motar kayan gwari a kasuwar Aziziya da ke Riyad, muna da ƙungiyar ƙwallo. Na ce muna da, amma ni ba na bugawa. Gwiwata ta ƙare tun a gida. Aikina in ɗauko jarkar ruwa, in tsaya a bakin layi, in zagi alƙalin wasa. Sauran duk irina ne, direbobi da 'yan dako da leburorin gini. Abokina da muke ɗaki ɗaya shi ne koci. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya sayi usur, shi ke nan.

Filinmu wani fegin yashi ne a bayan wasu manyan sito. Wani mai walda a cikinmu ya haɗa ƙarafan raga, muka tsince duwatsu da hannu. Ranar Juma'a, daga la'asar zuwa magariba, namu ne. Wanda bai yi aiki a ƙasar nan ba zai ga kamar ba wani abu ba ne. Kwana shida kana jin "yalla, yalla" daga bakin kafil, ubangidan da ya ɗauko ka aiki, ko mudir, wato manaja, wai ka yi sauri. Wannan ɗan lokacin ne kawai za ka yi ihu da Hausa ba wanda zai waiwayo ya kalle ka.

Ana haka sai wasu ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke karatu a wata jami'a suka gano filin. Suka fara zuwa a bas, da jesi iri ɗaya, da takalma masu kyau. Su ma Juma'a bayan la'asar suke so. Sati biyu ana cacar baki. Faɗa kuwa ba zai yiwu ba, don in hayaniya ta jawo 'yan sanda, akwai mutum uku a cikinmu da iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta mutu. Sai dattawa suka yanke cewa a buga wasa ɗaya. Wanda ya ci ya riƙe la'asar, wanda aka ci ya koma safiya bayan asuba.

Ga ɗalibai safiya ba komai ba ce. Mu kuwa rabinmu a kasuwa muke a wannan lokacin, ko ranar Juma'a, sauran rabin kuma ranar ce kaɗai suke barci. In aka mayar da mu safiya, ƙungiya ta mutu. Kowa ya san haka.

Saura kwana uku a buga, abokina ya ce min, "Yaran nan suna atisaye yau a wani ɗan fili na haya a Badi'a. Ka je ka leƙo mana su."

Na ce, "Me ya sa ni?"

Ya ce, "Wa zai kalle ka ya ce ka san ƙwallo?"

Na tafi. Har dabara na yi. Na ajiye mota nesa, na ɗauki kwalin tumatir a kafaɗa, wai in an gan ni a ce kaya na kawo wani gida. Na tsaya jikin wayar filin da kwali a kafaɗa kusan minti goma, kamar wanda ya manta inda aka aike shi.

Sai na ji an ce, "Kawu, sauke kwalin nan ka zauna. Ai kai ne mai jarkar ruwan 'yan Aziziya."

Na juya. Wani ɗalibi ne mai jiki, da tabarau, da farar jallabiya, yana zaune a kan benci da fulas ɗin shayi a gefensa. Da ganinsa ka san bai taɓa bin ƙwallo da gudu ba. Irina ne, sai dai shi ya yi karatu. Na sauke kwalin. Ya zuba min shayi.

Ban tambaye shi komai ba, Allah shaida. Muna zaune aka ɗago ƙwallo sama, golansu ya fito da gudu, ya daki iska, ƙwallo ta wuce ta kansa. Ɗalibin ya dafe goshi.

Ya ce, "Ka gani ko? Kullum haka. A ƙasa ba ka cin sa, ko da bindiga ka harbo. Amma da ta tashi sama sai ya rufe ido. Na gaya musu har na gaji."

Na ce, "Haba."

Ya ce, "Wallahi Kawu. Ga lamba ukunmu can, tun da ya je hutu ya yi aure ya dawo, ciki ya riga shi shiga fili. Lamba tara kuwa ba ya ba lamba bakwai ƙwallo. Wata mas'ala suka yi saɓani a kanta tun bara, har yau ba su shirya ba. A haƙiƙa, in kuna da mutum dogo ɗaya, ku yi ta ɗaga masa ƙwallo. Kun gama da mu."

Haka ya yi ta yi, yana nuna su da kofin shayi ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk abin da ya faɗa ina gani da idona a filin. Ba baƙin ciki yake musu ba. Son su ne ya yi masa yawa, ya rasa wanda zai saurare shi.

To a nan ne na yi abin da na yi. Ban san yadda zan yi muku bayani ba sai dai wanda ya taɓa son wata ƙungiya. Mutum yana gaya maka ciwonsa, kai ma naka yana ta motsi a ciki. Na ji kamar yana nuna min ya fi ni shan wahala.

Na ce, "Kai har kana da bakin kuka? Ka ga golanmu? Buhun albasa ya gama da kafaɗarsa ta dama. Ba ya faɗuwa ta wannan ɓangaren ko za a ba shi Riyad kyauta."

Ya ce, "Subhanallahi."

Na ce, "Lamba biyar ɗinmu kuwa, kafin ya juya, tirela ta juya. Ƙanin matar koci ne, shi ya sa ba a cire shi. Sannan duk 'yan ginin nan da kake gani kamar ƙarfe, da an dawo hutun rabin lokaci sun zama ruwa. Kwana shida suna ɗaukar bulo."

Ya ƙara min shayi. Na ƙara masa bayani. Har aka kira magariba muna nan, muka yi salla sahu ɗaya. Da zan tafi na bar masa kwalin tumatir ɗin, na ce su yi miya. Sai da na tayar da mota na hau titi sannan na tuna abin da aka aike ni yi.

Da na koma ɗaki na zayyana wa abokina komai game da ɗaliban. Rabin labarin dai, nasu. Nawa na haɗiye. Ya saurara yana yanke farce.

Ya ce, "Wa ya gaya maka duk wannan?"

Na ce, "Wani mai goyon bayansu."

"Ya san ko kai waye?"

"Ya sani."

"Ya kuma ba ka shayi."

"Ya ba ni."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Mutumina, yaran nan karatu suke yi, ba dako ba. Sun gan ka, sun shirya maka wasan kwaikwayo. In sun ce a ɗaga sama, to a sama suka fi ƙarfi. A ƙasa za mu buga."

Na ce, "Na gani da idona fa."

Ya ce, "Abin da suka so ka gani ka gani."

Da ina da gaskiya cikakkiya da na tsaya na yi masa gardama har ya yarda. Amma mai ɓoye rabin magana ba ya iya ɗaga murya a kan ɗaya rabin. Na juya na fuskanci bango.

Ranar Juma'a fili ya cika. Har wasu ma'aikatan ofishin jakadanci sun zo da kujerunsu na naɗewa. Ina ajiye jarka sai na hango ɗalibin nan a ɗaya gefen, yana ɗaga min fulas. Ya ce, "Kawu, ina gajiya? Miyar ta yi daɗi." Na yi kamar da wani yake.

Ba zan ja ku da nisa ba. Kafin hutu ba a ci kowa ba. Mun yi ta buga wa golansu a ƙasa yana kamawa kamar ana miƙa masa. Da aka dawo sai na ga kocinsu ya fito da wata 'yar takarda daga aljihu yana dubawa. Nan take na tuna hirarmu ta shayi. Suka sa wani siririn yaro mai gudu ya tsaya a kan lamba biyar ɗinmu. Sau biyu yana wuce shi, sau biyu ƙwallo tana shiga ta hannun daman gola. Ta ukun ma ba sai na faɗa ba, lokacin mutanenmu sun fara riƙe ƙugu.

Ɗayar da muka ci, kuskure ne. Wani direban tankar ruwa a cikinmu ya so ya buga ƙasa, ƙafarsa ta shiga yashi, ƙwallo ta tashi sama. Golansu ya fito, ya rufe ido, ta faɗa raga. Na kalli abokina. Bai kalle ni ba. Aka tashi uku da ɗaya.

Bayan wasa ɗalibin ya tsallako ya same ni ina zubar da sauran ruwa. Ya ce, "Kawu, me ya sa ba ku ɗaga ba? Na gaya maka fa."

Na ce, "Kai kuma me ya sa ka kai musu maganata?"

Kunya ta kama shi. Ya ce, "Koci ne ya gan mu tare, ya tambaye ni me muka tattauna. Ba zan yi masa ƙarya ba. Na ɗauka kai ma za ka gaya wa naku, sai a yi daidai."

Na ce, "Na gaya musu."

Ya ce, "To?"

Na ɗauki jarkata.

Mun gwada safiya. Juma'ar farko mutum tara suka zo, ta biyu biyar. Ta uku ni da abokina ne kawai, da usur a wuyansa. Muka zauna a kan ƙarfen da ya rage daga aikin raga har rana ta fara zafi, muka tashi. Daga nan ba a sake maganar ƙungiya ba. Mutane suka ɗora laifin a kan lamba biyar, shi kuma ya ɗora a kan gola. Ba wanda ya tuna da mai jarka.

Na riƙe maganar nan shekara huɗu. Sai da abokina ya gama zamansa zai koma gida gaba ɗaya, ina kai shi filin jirgi, na gaya masa. A mota ya fi sauƙi, don ba sai ka kalli mutum ba. Na faɗa masa tun daga kafaɗar gola har ƙanin matarsa.

Ya mayar da idonsa kan titi. Har mun wuce gadoji biyu. Sannan ya ce, "Ni kuma me ka ce a kaina?"

Na ce, "Ba komai."

Ya ce, "Ƙarya kake. Mutumin da ya kwashe awa yana zuba, ba zai tsallake koci ba."

Na ce, "Na ce ba ka jin shawara. Duk abin da aka gaya maka sai ka yi kishiyarsa."

Ya gyara zama. Ya ce, "Wannan kuma sharri ne." Can kuma ya ce, "Da ka gaya min a lokacin da na fasa maka baki."

Na ce, "Shi ya sa na bari sai da ka tsufa."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Da muka isa ya sauke jakunkunansa, ya ba ni hannu, ya ce in gaishe da mutanen kasuwa. Muna waya har yanzu, lokacin salla. Bai taɓa tayar da zancen ba.

In kun ce in gaya muku abin da na koya, ba shi da yawa. Ban koyi kama bakina ba, don ko jiya na tsaya da wani Basudane a wajen wankin mota na gaya masa duk matsalar motar maigidana. Abin da na gane kawai shi ne, ba wanda ya san raunin ƙungiya kamar mai son ta, kuma ba wanda ya fi shi saurin faɗa. Ni da yaron nan gaskiya muka gaya wa juna, ba wanda ya cuci wani. Shi an saurare shi, ni ba a saurare ni ba. Amma ba na fakewa da wannan. Da ban buɗe baki ba, wataƙila da an tashi ba ci, an sake bugawa. Mutum ashirin da wani abu suka rasa wurin zuwa saboda na ji daɗin hira.

Ba ya hana ni barci. Abin ya wuce, yawancin mutanen ma sun koma gida, ɗaliban sun gama sun tafi. Sai dai har yau, in aka sallame la'asar ranar Juma'a, nakan fito ƙofar masallaci in tsaya da takalmi a hannu, kowa ya kama hanyarsa, ni ina tunanin inda zan nufa. Yawanci ɗaki nake komawa.