Kwanon Sukarin Baba Illo

Duk shekarun da na yi a labo, wato ɗakin gwajin jini, akwai wata ranar kasuwa da ba ta taɓa fita raina ba, kuma labarinta nake fara ba kowane sabon ma'aikaci kafin in bar shi ya taɓa kwalbar rini. Lokacin ina teknisiyan a wani asibiti a yankin Tasawa. Tsakiyar damina ce, gero ya fara fitar da kai, sauro kuma ya cika gari.

Ga wanda bai san aikinmu ba: idan ana zaton yaro na da palu, wato zazzaɓin cizon sauro, mukan ɗiga jininsa a kan ɗan gilashi da muke kira lam. In ya bushe sai a rina shi da wani shuɗin ruwa mai suna Jimsa. In ba rinin nan, ko ka wuni kana leƙen mikroskop ba abin da za ka gani. Rinin kuma da zarar an sirka shi da ruwa ba ya kwana, abin da ya rage da yamma sai zubarwa.

A shekarar aka kawo mana na'ura mai yin rinin da kanta. Na yi murna ƙwarai, don abokiyar aikina tana hutun haihuwa, ni ne ɗibar jini, ni ne rini, ni ne dubawa. Majo Hadiza, shugabar sashenmu, ta raɗa wa na'urar suna Baƙuwa. Sunan ya dace, domin yadda ake yi wa baƙo haka muka riƙa yi mata. Kwanonta babba ne, kuma sai an cika shi fal take aiki, ko lam kaɗan za ta rina ko da yawa. Kullum da yamma in ɗauki kwanon in zubar, raina na sosuwa.

Ba a daɗe ba muka ga gindin kwalba. Odar da muka aika Maraɗi shiru, ɗan abin gwajin palu na gaggawa da ba ya buƙatar rini ma ya ƙare. Ranar kasuwar, abin da ya rage ko rabin kwanon Baƙuwa ba zai kai ba, ga benci cike da mata da 'ya'ya har bakin ƙofa.

Majo ta ɗaga kwalbar ta duba, ta ce, "Malam Sani, kashe Baƙuwa. Ka rina da hannu, waɗanda suka hi jin jiki kaɗai. Sauran su dawo in kaya sun zo."

Gaskiyarta ce, hannuna ɗaya ba zai iya da benci duka ba. Amma ni aka bar wa zaɓen, kuma ban taɓa yin aikin da na tsana kamar wannan ba. A cikin waɗanda na ce su koma akwai wata mata daga Baudeta, Rabi, da 'yarta Balki. Yarinyar na zaune da kanta, ba ta kuka, ba ta amai, sai na ga kamar za ta iya jira.

Rabi ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Likita, amalanken ga aro ne, mai shi na son shanunshi gobe. In mun tahi ba mu dawowa. Ɗiyar ga kuwa ni na san ta, shirun ga ba nata ba ne."

Na fita waje. Baba Illo, tsohon gardinmu mai gadin ƙofa, yana gindin bedi, wato darbejiya, da butar shayinsa, ya yafuto ni.

"Zo ka sha, Malam. Huskarka ta yi kamar an kama ka da akuyar mutane."

Na tsuguna. Ya miƙa hannu zai ɗebi sukari, sai idona ya faɗa kan abin da sukarin ke ciki. Wani siririn kwanon roba ne, fari, da kunnuwa biyu a gefe, irin kunnuwan da kwanon Baƙuwa ke rataya da su sak.

"Baba, ina ka samu wanga?"

"Cikin kwalina mana. Akwai ɗan'uwanshi, ganyen shayi na ciki."

A wurinmu al'ada ce, duk kayan da aka kawo, kwali da bidon, wato jarka, na gardi ne, ba mai tambaya. Wanda ya haɗa mana na'urar kuwa sauri yake ya kama motar Maraɗi, ya nuna mana babban kwano ya tafi. Ƙananan kwanukan na can ƙasan soso a cikin kwalin na'urar, suka bi kwalin zuwa gindin bedi.

Nan take na buga wa wanda ya haɗa na'urar waya. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce don ƙananan asibitoci irin namu aka yi su, rinin da suke ci bai taka kara ya karya ba. Ya gaya mini inda zan latsa na'urar ta san an canza mata kwano.

Baba Illo fa ya ce bai san zancen ba. "To sukarina hwa, a aljihu zan zuba?" Sai da na samo masa gwangwanin madara mai murfi ya saki.

Majo ba ta yarda kai tsaye ba, kuma ina girmama ta a kan haka. Ta sa na wanke kwanon sosai, na ɗauraye da tataccen ruwan labo har ba sauran danƙo. Sannan ta ce in fara gwadawa da wani lam da muka ajiye wanda muka san akwai cutar a ciki. Ita da kanta ta leƙa. Ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Ya hito tsab. Kira su duka."

Da gudu na fita. Rabi har ta ɗora yarinyar a amalanke.

Na sa lam ɗin Balki a mikroskop na leƙa. Ƙwayoyin cutar sun cika jinin, duk inda na juya su ne. Babban likita ya ba ta gado nan take, daga baya ya ce mini da ta koma Baudeta a ranar, sai abin da Allah ya yi. Kowa da ke bencin nan an duba shi, ɗan guntun rinin kuma ya riƙe mu har kaya suka iso.

Abin da na koya, aikin labo ba ilimin duba jini ne kawai ba. Ka san abin da kake zubarwa da yamma, don rabon wani yaro ne na gobe. Ka zazzage kwali kafin ka kyautar. Kuma in uwa ta ce maka shirun ɗanta ba nasa ba ne, ka yarda da ita.

Bayan girbi Rabi ta dawo, Balki na biye da ita tana ta surutu, ko numfashi ba ta yi. Ta ajiye mini ƙwaryar fura, ta cika har tana zuba. Na ce, "Haba Rabi, wanga ai ya yi yawa."

Ta ce, "Ba a auna ma mutum, Likita. Mashin ɗinku ake auna mawa."