Jar Motar Baffa Iro

A gidanmu na Dutsi ba a jiran dare ya yi nisa kafin a soma tatsuniya. Da an sallame magariba, tukunyar tuwo na kan murhu, Iya za ta jawo 'yar kujerarta kusa da wuta, wai ƙafafunta ba sa shiri da sanyin ƙasa. Iya kakata ce, uwar mahaifina. Mu jikoki sai mu zagaye ta, kowa yana ture ɗan'uwansa don ya sami gefen da hayaƙi ba ya bi. Shekarata goma a lokacin, kuma ni ce mai riƙe mata buta duk inda za ta.

Daga inda muke zaune, in ka ɗaga kai, kana ganin abin da ya hana gidan nan sakat, wato jar motar Baffa Iro. Yayan mahaifina ne, ɗan farin Iya. Ya yi shekaru yana aiki a Kaduna, da ya tashi dawowa gida wasu suna dawowa da shanu ko injin niƙa, shi sai ya dawo da tsohuwar motar tsere ta Turawa, an ɗoro ta a bayan babbar mota domin ko tari ba ta iya yi. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, cikinta yana kusan shafar ƙasa. A gidan da ake ɗora tukunya don mutum ashirin, ya kawo motar mutum biyu. Ya fasa katanga ya shigo da ita, ya kori tumakin Iya daga garkensu, ya ɗora ta a kan bulo huɗu.

Iya ba ta faɗar sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido, kamar yadda matan zamaninta ke yi wa ɗan fari. In tana da saƙo sai ta dubi ɗaya daga cikinmu, ko da yana tsaye a gabanta. Ranar da motar ta iso, ta zagaye ta sau ɗaya da sandarta, ta leƙa ciki, ta juyo gare ni.

"Saude, tambayi mai abin nan, su sauran mutane a ina suke zama? Ko motar marowata ce?"

Baffa ya yi dariyar wanda ya san duniya. Ya ce Iya ba za ta gane ba, irin wannan ba a ƙera ta kuma. Nan take, a gaban maƙwabtan da suka taru kallo, ya ɗaga hannu ya yi alkawari: ranar da ta tashi, ba wanda zai fara shiga sai Iya, kuma da ita zai kai ta garinsu ta ga yayarta. Yaya Habi kenan, ita kaɗai ta rage wa Iya cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya, tana wani ɗan ƙauye bayan Babban Mutum. Sun fi shekara shida ba su ga juna ba.

Shekara biyu motar nan ta yi a kan bulo. Duk sati biyu Baffa yana Ƙofar Ruwa a Kano, yana tonon tsibin ƙarafa. Ya dawo da kabireta, a ɗaura, ta ƙi. Ya koma ya canzo, ya haɗo da lagireto, tankin ruwan inji, na wata motar dabam, a kai wa mai walda ya rage masa kunnuwa. Fulogi, salansa, fitilu, gilashin gefe. Kullum amsarsa guda ce, saura abu ɗaya. Da yamma yana kwance a ƙarƙashinta a kan buhu, ƙafafunsa kaɗai ake gani, baƙin mai har cikin gemu.

A wannan lokacin ne Iya ta fito mana da tatsuniyar kunkuru. Tana da irin nata buɗewar. Sai ta zungura wuta ta ce, "Ga wata can ta taso." Mu kuma mu amsa, "Ta ƙaraso mu ga idonta." Kuma ba ta fara ta kunkuru sai ta tabbata ƙafafun nan suna leƙowa daga ƙarƙashin mota.

Wai an aiko wa kunkuru ƙanwarsa ta haihu a wani gari mai tafiyar kwana bakwai. Da ya ɗau hanya a ranar, da ya isa daidai lokacin da ake yanka ragon suna. Amma sai ya zauna ya ce, haba, kamar shi, babban wa, ya shiga garin surukai yana jan ciki? Ya je wajen barewa ya aro ƙafafu. Da ya ɗaura, suka yi wa ƙoƙon bayansa tsawo, ya tafi maƙera aka faɗaɗa ramukan. Da ya miƙe tsaye sai ya ga wuyansa ya yi gajarta, ba ya hango hanya, ya tafi wajen zalɓe aron wuya. Haka ya yi ta yi. A ƙarshe ya tashi da gudu, kafin ƙiftawar ido yana garin, ya tarar ana kiɗa ana guɗa. Ya ce alhamdu lillahi, na riski suna. Aka ce wane suna? Jaririyar ce ake kai wa ɗakin miji. Ba ma wanda ya gane shi, karnuka suka raka shi har bayan gari.

"Da ya tafi da ƙafar da Allah ya ba shi," in ji Iya, tana kallon wuta, "da ya ci naman suna. Na ɗaure ta a nan, ku tashi ku ci tuwo."

Abin da ya sa ba mu gajiya da ita, kunkurun yana ƙara kaya daidai da cefanen Baffa. Ranar da ya kawo lagireto, kunkuru ya aro tumbin raƙumi don ajiyar ruwa. Ranar fitilu, ya aro idon mujiya. Ranar da aka ɗaura salansa, ya je wajen jaki aron maƙogwaro, har Iya ta kwaikwayi kukan, muka yi ta birgima a ƙasa. Daga ƙarƙashin mota ba ka jin komai sai ƙarar sifana. Mu a ganinmu wasa ne, kuma daɗin raina babba ya fi zuma a bakin yaro.

Ana nan sai wani mai fataucin shanu da ke cin kasuwannin wajen Baure ya yi sallama da saƙo: Yaya Habi tana kwance, ta ce in Iya tana son ganinta to ta zo. Mahaifina ya ce gobe da asuba zai kai ta tasha su hau motar haya. Iya ta ƙi. Na ji su da kunnena a ɗakinta.

"Ya faɗa a gaban mutane shi zai kai ni. In na hau motar kasuwa, na kwance masa zani a kasuwa kenan. Ku dai gaya masa ya hanzarta."

Ka ji fa. Matar da ta shekara biyu tana mayar da shi abin dariyar jikoki, ita ce ba ta iya barin gari ya yi masa dariya.

Ranar Litinin motar ta tashi. Da idona na ga an sauke ta daga bulo, Baffa ya fita da ita har bakin titi ya dawo, yara na bin sa da ihu. Iya ta ɗaure kayanta, ta zauna a bakin ƙofa da mayafinta. Sai Baffa ya zagaya motar, ya ɓata fuska. Inda aka yi walda ya yi dabbare-dabbare, ƙofa ɗaya launinta ya bambanta da ɗaya.

"Ba za a shiga da Iya garinsu a haka ba," ya ce. "Me mutane za su ce? Fenti kawai ya rage, kwana biyu ne."

Mai fenti ya zo daga Daura ranar Talata. Ranar Laraba aka ce bai bushe ba, ƙura za ta manne. A daren nan Iya ta maimaita mana kunkuru, amma ba ta ƙara masa komai ba, ba ta kwaikwayi kowa ba, kuma ba wanda ya yi dariya.

Ranar Alhamis bayan asuba muka kama hanya. Tsohuwa ba ta zuwa dubiya hannu rabbana. Iya ta haɗa rabin buhun gero, ƙullin daddawa, kuka, man shanu da zakaru biyu. But ɗin motar kuwa, wurin zuba kaya a baya, ko tabarma ba ya ci sai an lanƙwasa ta. Aka bar geron a tsakar gida. Ni aka cusa ni a wani ɗan lungu bayan kujeru, gwiwoyina a haɓata, zakaru a ƙirjina. Mutum biyu ne suka kama Iya kafin ta iya sauka cikin kujerar.

"Saude," ta ce, "ni dai na saba a hau mota. Yau ga wadda ake faɗawa ciki."

A kan kwalta, gaskiya, ta yi gudu. Muka ratsa Daura kamar an jefa dutse, muka wuce Zango, samari a bakin hanya suna fito suna ɗaga hannu. Baffa ya sa baƙin tabarau, gwiwar hannu a taga, in ya hango taron mutane sai ya rage gudu ya taka mai don su ji muryar jakin. A Baure tumbin raƙumi ya tafasa, muka tsaya aka juye masa ruwan butar Iya. Duk da haka kafin hantsi ya yi zafi mun kai Babban Mutum.

Daga nan ake barin kwalta a bi hanyar yashi. Wannan kowa ya sani, har akuyar garin. Baffa a can ya yi yayensa, amma cikin shekara biyun da ya yi yana canza kowane ƙarfe a jikin motar nan, bai taɓa tuna cewa ƙauyen ba ya bakin titi ba. Ba mu yi nisa ba cikinta ya zauna a yashi, tayoyi na juyawa a banza. Ya tona, ya sa kara, ya yi gumi. Sai da wani manomi ya zo da amalanken shanu aka ɗaura igiya. Iya ta ce a fito da ita daga cikin motar. Ta hau amalanke, ta miƙe ƙafa, ni ina gefenta, bijimai biyu suna jan mu, jar mota tana biye a baya, Baffa yana riƙe da sitiyari.

Tun daga nesa muka hango tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune jeri, ba mai magana da ƙarfi. Iya ta damƙe hannuna har sai da na ji zafi. Da aka sauke ta, wata dattijuwa ta tare ta a zaure.

"Yaushe?" Iya ta tambaya.

"Jiya bayan la'asar aka kai ta. Tun Litinin take cewa a saurara, ko an ji ƙarar mota. An gaya mata ɗanki ne zai kawo ki."

Iya ba ta yi kuka a nan ba. Ta shige ciki. Ni na waiwaya ina neman Baffa, sai na gan shi bai ko isa wajen masu zaman makoki ba. Yaran ƙauye sun yanyame motar, shi kuma ya fito da hankici yana goge ƙura, yana daka wa wani yaro tsawa kada ya taɓa masa fenti. Ba labari aka ba ni ba. A wannan lokacin na tsane shi, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Ya koma gida washegari. Mu muka zauna har sadakar bakwai. Da ya aiko a tambayi ranar da zai zo ɗaukarmu, Iya ta ce a gaya masa kada ya wahalar da abinsa. Muka dawo a motar kasuwa, a tsakiyar awaki da buhunan wake, ta sauka a tashar Dutsi da rana tsaka kowa yana gani. Ta ci gaba da yi mana tatsuniyoyi har ƙarshen ranta, amma kunkuru bai sake fitowa ba. Da ƙanena ya roƙe ta, cewa ta yi, "Wanda ake yi dominsa bai ji ba. Ku me za ku yi da ita?"

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne kada a yi nawa, wato jan ƙafa. Sai da na girma na ga ashe nawa ba ita ce cutar ba. Kunkuru ba malalaci ba ne, Baffa ma haka, ba wanda ya fi shi wahala a gidan nan. Cutar ita ce mutum ya ce don ke yake yi, alhali idon 'yan kallo yake yi wa. Abin da ya fi ci mini rai, Iya ma ba ta tsira ba. Ta ga komai sarai, ta ƙulla shi a tatsuniya, amma tsoron bakin gari ya zaunar da ita kwana uku a bakin ƙofa da mayafi, tasha kuwa tana nan kusa. Ina sonta, ina yi mata addu'a kullum, kuma har yau ina jin haushin wannan zaman.

Motar tana nan. Kusan babu ƙarfen da ba a canza sau biyu ba. Yanzu samari suna zuwa har daga Katsina su ɗauki hoto a jikinta, suna ce wa Baffa gwani, shi kuma yana ba su labarin doguwar tafiyar da ya taɓa yi da ita har bakin iyaka. Ba ya ambaton bijimai.

Watannin baya aka bugo mini waya ina gidana a Kano, aka ce jikin Baffa ya yi tsanani. Maigidana ya ce in bari zuwa jibi, motarsa tana wajen bakanike, ba daɗi in isa gida a motar haya. Ni kuwa na zari hijabi na tafi tasha. Ba don son Baffa na yi ba, Allah ya sani. Na same shi kwance, ya rame, muryarsa da ƙyar take fita. Bayan mun gaisa ya ɗago kai ya dubi ƙofa.

"Saude, da wace mota kika zo?"

"Ta haya, Baffa. Mu huɗu a baya, har da mai kaji. Amma ga shi na same ka da rai."

Sai ya juya fuskarsa bango.