Tiren Inna Zazzage

Kafin mai shara ya gama da barandar asibitin unguwarmu, ita ta riga ta ɗaga labulen tagar ɗakin magani. Za ta goge kantar magani, ta leƙa firjin allurai, ta saƙala tabarau a karan hanci, sannan ta ɗauko wani tsohon tire da gefensa ya lotse ta ajiye a gabanta. Duk wanda ya miƙo takardar likita, kafin ta taɓa ko kwalba ɗaya, sai ta turo masa tiren ta ce, "Zazzage min abin da kake sha." Daga nan sunan Inna Zazzage ya bi ta. Yau in ka tambayi sunanta na gaskiya, ko ma'aikatan asibitin sai sun tsaya tunani.

Ba kowa ke son wannan hali nata ba. Layi ya yi tsawo, ƙafa ta gaji, ita kuwa tana can tana juya ƙwayoyin wata tsohuwa ɗaya bayan ɗaya. A gabana wani direba ya ƙule ya ce, "Haba Inna! Magani na zo karɓa, ba wajen kwastan na zo ba." Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ai ni ce kwastan ɗin cikinka, zazzage." Aka yi ta dariya, shi ma ya yi, ya juye aljihu. Mai shara ya ce ba abin da bai gani ba a tiren nan: ƙwayoyi a ƙulle a leda, wasu cikin kwalin ashana, har da ragowar maganin wani mamaci da matarsa ta ga bai kamata a zubar ba.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yayana, kuma da izininsa nake faɗa. Tela ne. Bayan rasuwar matarsa ya yi shiru irin wanda ke ba mutum tsoro. Ba ci, ba barci, keken ɗinki ya yi ƙura. Daga baya muka ga ya farfaɗo, muka ce lokaci ne ya yi aikinsa. Ashe wani likita a wani asibitin ne ya ɗora shi kan maganin ciwon damuwa. Bai gaya wa kowa ba. Ya san layin shagonsu: a ji kana shan irin wannan, gobe an ce kanka ya taɓu, masu kawo ɗinki su watse, ga 'ya'ya mata yana riƙo. Sai ya ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu ya zuba a kwalbar maganin ƙarin jini.

Ana nan zaman keke ya kama masa baya, har ba ya iya miƙewa. Ni na raka shi asibiti. Likita ya tambaye shi ko yana shan wani magani. Ina zaune a gefe, sai ya ce ba komai. Likita ya rubuta masa tramol, muka nufi taga.

Tire ya zo. Yaya ya ajiye kwalbar ya ce, "Na ƙarin jini ne kawai, Inna." Ta buɗe, ta zuba ɗaya a tafin hannu, ta dube ta, ta dube shi. Sai ta juyo gare ni: "Ƙanwarsa, je ki samo masa ruwa a shagon bakin ƙofa, kin ga leɓensa ya bushe." Na tafi ina gunaguni, don ni ban ga wani bushewa ba.

Sauran labarin daga bakinsa na ji, bayan ya warke. Ya ce ta buɗe masa ƙofar gefe, ta zaunar da shi tsakanin kwalaye, ta rage murya.

"Ɗana, wannan ba na ƙarin jini ba ne. Na san shi."

"Don Allah Inna, ki rufa min asiri."

"Tonon asiri ba aikina ba ne. Amma wannan da wanda aka rubuta maka ba sa shiri. In sun haɗu a jiki suna iya jawo maka rawar jiki da zufa da zazzaɓi, kai ya ruɗe, wani har ya faɗi yana jijjiga."

"To bari in ajiye nawa har bayan ya warke."

"Kul! Ba a yanke shi rana ɗaya. Jiri zai kama ka, barci ya gudu, kuma duhun da ka fito daga ciki yana iya dawowa. Ko canza shi za a yi, wanda ya ɗora ka ne zai rage maka a hankali. Kada kuma ka je shago ka sayi na ciwon jiki da kanka, wasunsu in sun haɗu da wannan suna sa ciki ya zubar da jini."

Ya ce a nan hawaye ya zubo masa, don tun da ya fara shan maganin ba wanda ya taɓa yi masa maganarsa kamar maganar ciwon ido ko na haƙori. Da kanta ta kama hannunsa zuwa ɗakin likita. Likitan ya ce gara da aka gano, ya canza maganin ciwon, ya tura shi wajen masu gashin ƙashi. Da na dawo da ruwana, na tarar da shi da Inna a taga suna hirar ɗinki.

Inna, ke ce kika tsare ran yayana ba tare da kin taɓa mutuncinsa ba. Ke ce kika aike ni sayen ruwan da ba wanda ya sha. Wallahi duk sanda na tuna, sai idona ya cika.

Makon jiya Inna ta yi ritaya. A ranarta ta ƙarshe tana haɗa kayanta a kwali, sabuwar ma'aikaciyar da za ta gaje ta tana zaune a taga, tiren a gabanta. Mun gode, Inna, Allah Ya saka miki, Ya ba ki lafiyar hutawa. Masu ba da magani, ku tambaya ko da layi zai yi ƙorafi. Mu kuma masu sha, mu faɗi gaskiya a gaban likita da a bakin taga.

Yaya ya zo ranar, ni ma ina wurin. Layi cike, har da maƙwabcin shagonsa a bayansa. Kafin a ce masa komai ya zaro maganin, wannan karon a cikin kwalinsa na asali, ya ɗora a tire tare da sabuwar takardar likita, ya ce wa sabuwar ma'aikaciyar, da muryar da kowa ya ji, "Na damuwa ne, 'yata. Ki duba min ko zai shirya da wannan."

Inna ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.