Ranar da Madam Rahila Ta Biyo Ni Gida

Ina ba Baba kunu sai ga Madam Rahila, malamar ajinmu, a ƙofar ɗakinmu a Nasarawa, da tsohon cikinta, ruwa ya jiƙa ta sharkaf. Shekarar da soja suka miƙa mulki ne, babu waya. Da tambaya ta gano gidan.

Na daina zuwa makaranta saboda jinyar Baba, don mu biyu kaɗai muka rage.

Baba ya ce, "Madam, ai da kin aiko takarda."

Ta ce, "Baba, takarda ba za ta ga halin da kuke ciki ba."

Washegari mahaifiyarta ta zo daga unguwar Television ta karɓi jinyar, ni kuwa na koma aji.

Har yau ina mamakin malamar nan. Ku fa, wa ya taɓa biyo sawunku haka?